Satar Babur a Gareji: Takardar da Ke Aljihunmu Ba Ta Biyan Sata

Duk wanda ya san kasuwannin bakin iyaka ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke ɗauko buhun wake daga ƙauye ya fito da shi bakin hanya, shi ke kai ɗan kasuwa Jibiya ko Illela ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Maraɗi Litinin da Juma'a, ya komo da shi gida kafin magariba, kuma shi ne jarin ɗimbin matasa 'yan kabu-kabu da ke ciyar da iyaye da iyali. Mutum yakan yi shekara biyu yana zubin adashi, ko ya sayar da sa da 'yan tumakinsa, kafin ya mallaki Boxer ko Haojue ko Kasea guda ɗaya. Saboda haka ranar da aka ce an sace babur, to an tafi da abincin gida ne gaba ɗaya.

Abin da ya fi ciwo kuwa shi ne satar da ake yi a wurin da mai abu ya ɗauka ya tsira, wato garejin bakanike inda ya bar babur ya kwana domin gyara, ko garejin ajiya na bakin kasuwa da tasha inda ya biya kuɗin gadi, ko kuma garejin gidansa da ya garƙame da kwaɗo. Gari na wayewa sai a tarar da kwaɗo a karye, ko a tarar da shi lafiya lau amma babur ya yi layar zana, mai gadi ya ce bai ga kowa ba, mai gareji ya ce ƙaddara ce. Mu mazauna bakin iyaka mun san abin da ke biyo baya. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela tafiyar 'yan mintoci ce, iyakar Nijar da Nijeriya kuwa ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mafi yawanta fili ne da gonaki da ɓarayin hanyoyi waɗanda babur ke bi bai ga shingen duwan ko ɗaya ba. Kafin mai abu ya dawo daga sallar asuba babur ɗinsa ya shiga wata ƙasa, kafin azahar an cire masa lamba, wataƙila ma an kwance shi gida-gida an zuba a rumfar masu kayan gyara.

Daga nan ne mai abu zai tuna cewa ai yana da inshora, wadda mu a nan muka fi sani da asurans, kuma kowace shekara yana biya. Sai ya zaro takardar daga aljihu ya nufi ofishin kamfani da ƙarfin gwiwarsa, a karɓa a duba a ce masa: "Alhaji, sai haƙuri, wannan takarda ba ta shafi sata ba." Ya fito yana huci, ya shiga kasuwa yana faɗa wa kowa cewa asurans cuta ce tsagwaronta. Ra'ayinmu a nan shi ne, maganar ko za a biya mutum ko ba za a biya shi ba an riga an yanke ta tun kafin ɓarawo ya karya kwaɗo. An yanke ta ne ranar da aka sayi babur, da ranar da aka yanki asurans, da ranar da aka miƙa wa mai gareji makulli ba tare da an karɓi ko guntuwar takarda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da ita kanta takardar. Harkar asurans a Nijar tana ƙarƙashin dokar ƙungiyar CIMA ne, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a birnin Yawunde a watan Yulin 1992, kundin dokarta kuma ya fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ke bin wannan kundi, cikinsu har da Nijar da Binin da Burkina Faso da Mali da Cadi da Kamaru. Aya ta 200 ta kundin ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji da ke tafiya a ƙasa, babur ne ko mota, ya yanki asurans na ɗaukar alhakin ɓarnar da abin hawansa zai yi wa wasu. Ma'ana, idan ka buge ɗan mutane, ko ka afka wa teburin mai shayi, kamfani ne zai biya wanda aka yi wa ɓarna. Wannan ita ce takardar da ɗan sanda ko jandarma ke tambaya a bakin hanya, kuma ita ce kusan dukkanmu ke yanka, domin ita ce mai araha, ita ce kuma ke raba mu da tara. An yi ta ne domin wanda ka buge. Babur ɗinka kuwa, ko ya ƙone ko an sace shi, ba ya cikin lissafinta ko kaɗan.

Idan muka tsallaka Nijeriya ma labarin bai sauya ba. Dokar farko da ta tilasta irin wannan inshora a can ta 1945 ce, hukumar NAICOM kuma ita ke sa ido a kan kamfanoni. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar ta ƙayyade kuɗin wannan inshora ta tilas a kan naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, naira 3,000 kuma ga babur. To, ya kamata mu tambayi kanmu, mu da muka ƙware a lissafin riba da faɗuwa: wane ɗan kasuwa ne zai karɓi naira 3,000 ya yi alkawarin sayo maka sabon babur idan naka ya ɓata? Haka kuma katin nan mai ruwan ƙasa na CEDEAO da aka ƙirƙiro a 1982 domin masu tsallaka iyaka da abin hawa, shi ma alhakin haɗari kaɗai aka yi shi ya ɗauka. Ko kafin Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, katin bai taɓa biyan sata ba.

Biyan sata wani sashe ne daban da mutum ke saya da ganin damarsa, ko dai a ɗora shi a kan asurans na tilas tare da na gobara, ko kuma mutum ya yanki babban asurans ɗin nan da ake kira tu-risk. Kuɗinsa ya fi yawa, ana lissafa shi ne bisa darajar babur, kuma ba kowane kamfani ke marmarin sayar wa masu babur shi ba, musamman idan babur ɗin ya tsufa ko na haya ne. Gane ko kana da shi ba wuya. Ƙaramar takardar da ake nuna wa jami'an hanya ba ta wadatar ba, sai mutum ya buɗe ainihin kwangilar da aka ba shi, ya dubi jerin abubuwan da aka lamunce masa, ya ga ko an rubuta sata a ciki da adadin kuɗin da aka sa a gabanta. Wanda ba ya karanta Faransanci ya nemi ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa yau ɗin nan, kada ya bari sai ta faru ya yi ihu bayan hari.

Wanda ya sayi sashen sata ma bai gama tsira ba, domin akwai sharuɗɗa, kuma na farkonsu lokaci ne. Aya ta 12 ta kundin CIMA ta ce a sauran asarori ba za a ba mutum ƙasa da kwanakin aiki 5 ba domin ya sanar da kamfani, amma a sata awa 48 ne kacal daga lokacin da ya sani. Mu kuwa al'adarmu ita ce a fara da cigiya, a je wurin mai unguwa, a tura yara su zaga kasuwannin ƙetare, a jira mai gareji ya "bincika", har mako ya shuɗe ba a je kwamisariya ba balle ofishin kamfani. Ba mu ce kada a yi cigiya ba. Abin da muke cewa shi ne, tun ranar farko a je wurin 'yan sanda ko jandarmomi a shigar da ƙara, a karɓi takardar shaida, a kai wa kamfani sanarwa a rubuce, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kofin da zai zauna a hannunka. Ya kamata kuma a sani cewa dokar ba ta bar kamfani ya fake da jinkiri haka kawai ba, domin aya ta 20 ta ce sai ya nuna cewa jinkirin ya jawo masa wata asara. Amma mai hankali ba ya ba abokin shari'arsa sandar da zai doke shi da ita.

Ko wanda ba shi da sashen sata, kai ƙara wajibi ne a kansa domin tsiran kansa. Lambar da ke jikin babur da sunanka take a rajista, kuma ba mu san hannun da zai faɗa ba. Kowa ya san dalilin da ya sa aka hana hawa babur a jihar Diffa a 2015, da dalilin da ya sa gwamnatin Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Caranci a 2021. Babur ɗin da aka sace a garejin kasuwa yau, gobe ana iya tsintar sa a wurin da aka yi fashi ko aka zubar da jini, kuma ƙofar wanda sunansa ke kan takarda za a fara ƙwanƙwasawa. A wannan rana takardar ƙarar da ka kai ita ce za ta tsaya maka.

Sharaɗi na biyu takardu ne, kuma nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Kamfani zai nemi kart giriz da sunanka, da takardar saye, da takardar duwan idan babur ɗin daga ƙetare ya shigo, da makullan babur duka, da shaidar cewa ka biya kuɗin asurans na shekarar. Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, kwangila ba ta fara aiki sai an biya kuɗi, saboda haka zancen "dillali ya ce in kawo sauran bayan kasuwa" ba ya tsayawa a gaban kowa. To amma nawa ne daga cikinmu suka sayi babur a hannun wani suka bar kart giriz da sunan mai shi na farko, wanda wataƙila ma ya tafi ci-rani? Nawa ne suka ɗauka asurans ɗin tsohon mai shi ya biyo babur, alhali doka ta ce yana tsayawa 'yan kwanaki kaɗan bayan an sayar? Nawa ne ke ajiye takardun duka a ƙarƙashin sirdi, ɓarawo ya tafi da babur da shaidar mallakarsa a lokaci guda? Nawa ne za su iya faɗin lambar shasi da ke sassaƙe a wuyan babur ɗinsu, ko lambar da ke jikin inji? Rubuta waɗannan lambobi a littafin bashi, da ɗaukar hoton takardu a waya, aikin minti biyar ne, amma shi ne bambancin mai haƙƙi da mai surutu.

Sharaɗi na uku shi ne yadda aka yi satar. Kwangiloli da dama sun cire satar da aka yi alhali makulli na jikin babur, ko wadda ɗan gida ko yaron mai babur ya yi, wasu kuma sun sa sharaɗin cewa da dare sai babur ya kwana a wuri mai kulle. Akwai kuma maganar iyaka, wadda ta fi shafar mu fiye da kowa. Idan ka yanki asurans a Maraɗi aka sace babur a garejin ajiya na Jibiya, shin kwangilarka ta tsallaka tare da kai? Wannan tambaya ce da ya kamata kowane ɗan kasuwar bakin iyaka ya yi kafin ya zaro kuɗi, kuma ya nemi a nuna masa amsar a rubuce cikin kwangila, domin maganar fatar baki ta dillali ba ta zuwa kotu.

Idan komai ya cika, kada mutum ya sa ran kuɗin sabon babur. Aya ta 31 ta ce abin da za a biya ba zai wuce darajar abin a ranar da ya salwanta ba. Mu ɗauki misali kawai: a ce ka sayi babur jikka 600, ka yi shekara biyu kana aiki da shi, ƙwararren da ke kimanta kaya ya ce ranar da aka sace shi darajarsa jikka 400 ce, kwangila kuma ta ce kashi 10 cikin 100 na asara a wuyanka yake. Abin da zai shigo hannunka jikka 360 ne, kuma sau da yawa sai bayan an jira kamar kwana 30 ko za a ga babur ɗin. Idan kuma tun farko ka ce darajarsa jikka 300 ce domin ka rage kuɗin da za ka biya, to ba za ka ga abin da ya wuce hakan ba. Wani zai ce jikka 360 ba ta sayen sabo. Gaskiya ne, amma ta fi komawa adashi daga farko, kuma da ita da ɗan ciko mutum ya koma kan hanya.

Yanzu mu komo kan mai gareji, domin shi ne ke sulalewa a tsakiyar wannan rigima. Duk wanda ya karɓi kayan wani domin ya gyara ko ya tsare, ya ɗauki nauyin mayar da su. Dokar farar hula da ƙasarmu ta gada daga Faransa ta tanadi haka a babin ajiya, kuma ta fi tsanantawa a kan wanda ake biya lada. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a cikinsa ma bai bar wannan magana ba. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure sun san an bambanta mai sana'ar hannu da mai riƙon amana. Mai sana'a, irin su tela da maƙeri, ana ɗora masa lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu idan suka ɓace a hannunsa, sai fa idan shaidu sun tabbatar da cewa sun salwanta ba da laifinsa ba. Mai riƙon amana kuwa ba ya biya sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka ba shi. Hukuncin kowace shari'a na malamai da alƙalai ne, amma a bayyane yake cewa kalmar "ƙaddara ce" ba ta isa ta rufe magana ba. Shin akwai mai gadi a daren? Yana wurin ko ya tafi kallon ƙwallo? Wa ke riƙe da makullin ƙofa? Yara nawa ke kwana a garejin, kuma wa ya san gidajensu?

Matsalar ita ce, kafin a kai ga waɗannan tambayoyi sai ka fara tabbatar da cewa ka bar babur a wurin, mu kuwa kunya ta hana mu neman takarda a hannun mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi. Ai rubuta ajiya ba zargi ba ne, kariya ce ga ɓangarorin biyu, domin shi ma mai gareji tana tsare shi daga wanda zai zo ya ce ya bar babur alhali bai bari ba. Akwai kuma wani tarko da ya kamata masu sashen sata su sani. Aya ta 42 ta ba kamfanin da ya biya ka damar ya bi wanda ya jawo asarar ya karɓi kuɗinsa, kuma idan kai ne ka toshe masa wannan hanya, yana iya rage abin da zai ba ka ko ya ƙi biya. Wato idan dattawa suka zaunar da ku, ka ce ka yafe wa mai gareji duniya da lahira, har aka rubuta aka sa hannu, to mai yiwuwa ka yafe kuɗin asurans ɗinka tare. Yafiya abu ne mai kyau, amma a yi ta da sani, bayan an tuntuɓi kamfani.

Ba za mu wanke kamfanonin asurans ba, domin idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Aya ta 6 ta wajabta musu su ba mutum takardar bayani a kan farashi da abin da aka lamunce da abin da aka cire tun kafin a ƙulla kwangila, aya ta 8 kuma ta ce sharuɗɗan da ke hana mutum haƙƙinsa ba su da ƙarfi sai an rubuta su da haruffan da ke bayyane ƙarara. Amma bayani da Faransanci ga mutumin da Hausa da ajami kaɗai ya sani, sunansa bayani ne kawai. Me zai hana kowane ofishi da ke Maraɗi da Ƙonni da Gaya da Magarya da Matamaye ya manna allo da Hausa, boko da ajami, mai cewa wannan takarda ba ta biyan sata, ga wadda ke biya, ga kuɗinta? Dillalin da ya karɓi kuɗin mutum ya bar shi ya tafi da zaton an rufe masa komai, ya sayar da takarda ɗaya ya kashe kasuwar ɗari. Wanda kuma ya cika sharuɗɗa aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo, ya sani akwai ofishin kula da harkar asurans a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi inda ake kai koke, akwai kotu, kuma aya ta 28 ta ba shi shekara 2 ne kawai ya nemi haƙƙinsa. Kada ya bari a cinye masa su da "dawo gobe".

Mun san da yawa daga cikin 'yan'uwa abin da ke hana su shiga wannan harka shi ne shakkar halaccinta, kuma ba mu raina wannan damuwa ba. Amma akwai tsarin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, a biya wanda asara ta afka wa daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan gudanarwa, kuma ba a juya kuɗin a harkar ruwa. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a Nijeriya a 2013, CIMA ma ta yi masa doka a 2019. Mai shakka ya tambayi malaminsa, ya kuma tambayi kamfanoni ko suna da wannan tsari na babur, domin ɗan kasuwa ba ya kawo hajar da ba a tambaya. Malamanmu dai sun sha gaya mana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaure raƙumi.

To mene ne abin yi? A ganinmu maganin yana hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan kabu-kabu da sarakunan kasuwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane garejin ajiya ya kasance da littafi da tikiti mai lamba gida biyu, ɗaya a ɗaure a jikin babur, ɗaya a hannun mai shi, kuma kada babur ya fita sai an haɗa su. Kowane bakanike da ke kwana da baburan mutane ya rubuta lambar babur da ranar karɓa, ya ba mai shi kofi. Garejin da ya ƙi wannan tsari, ƙungiya ta sanar da mambobinta su san inda za su kai kayansu. Bugu da ƙari, ƙungiyar da ke da babura ɗari biyu ko uku tana iya zama da kamfani ta nemi farashin jimla na sashen sata, abin da mutum ɗaya ba zai taɓa samu ba. Inda kuma kamfani ya ƙi, a kafa asusun taimakon juna, amma da sharuɗɗa a rubuce, da kuɗi a banki, da sa hannun mutum biyu ko uku kafin a fitar da ko dala, da karanta lissafi a gaban kowa, domin mun ga asusu da yawa da suka mutu a aljihun ma'aji. Mai hali kuma ya sa wa babur ɗinsa na'urar bin sawu, ya ƙara da sarƙa mai kauri ko da a cikin gareji ne.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da sai mun gaya wa kanmu. Ɓarawo ba ya sata domin ya yi ado, yana yi ne domin ya san akwai mai saye, kuma mai sayen nan a cikinmu yake. Duk wanda aka kawo wa babur mai sheƙi a rabin kuɗinsa, ba takarda, lambar shasi a goge, ya ce "Allah Ya kawo rabo", ya san abin da ya saya. Haka mai kayan gyaran da ke karɓar inji da tanki da ƙafafu a buhu cikin dare bai tambayi inda suka fito ba. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Nijar da ta Nijeriya, kuma abokin ɓarawo ɓarawo ne. Muddin muna sayen na wani a ɓagas, to muna biyan kuɗin da za a zo a sace namu ne. Dillalan babura su ma su yi littafi, su rubuta mai sayarwa da mai saye da lambar shasi, su ƙi taɓa duk wanda ba shi da asali.

Ga hukumomi kuwa, roƙonmu bai da yawa. A sauƙaƙa sauya suna a kart giriz, ta yadda talaka ba zai gwammace ya zauna da takardar wani ba. A riƙa ba mai ƙara takardar shaidarsa a ranar da ya zo, tunda awa 48 ba ta jiran kowa. Sannan jami'an tsaron garuruwan da ke fuskantar juna, kamar Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Gaya da Kamba, su riƙa musayar lambobin baburan da aka sace cikin gaggawa. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, kuma ko dangantakar gwamnatoci ta yi tsami ko ta yi daɗi, ɓarayi ba su taɓa daina haɗa kai a tsakaninsu ba.

A ƙarshe muna kira ga duk mai babur da ya karanta wannan shafi, ko aka karanta masa a rumfa, da ya yi abu uku kafin kasuwa mai zuwa: ya buɗe kwangilarsa ya ga ko akwai sata a ciki, ya rubuta lambar shasi da ta inji ya ajiye takardunsa a gida, kuma kada ya sake barin babur a hannun kowa ba tare da shaida ba. Wanda ya duba ya ga ba shi da sashen sata, ya kuma zaɓi ya zauna haka, to ya san inda ya tsaya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.